Mai Jan Mota, Tuna da Na Baya

A Ingila mutane kan ɗaura wani ɗaki mai taya a bayan mota, su tafi hutu su riƙa kwana a cikinsa. Dokar ƙasar ta hana mai jan wannan ɗaki wuce mil 50 a awa a hanyar da ba a raba ta biyu ba, alhali an yarje wa sauran ƙananan motoci 60. Mu ba mu da wannan al'ada, amma muna jan motar da ta lalace da igiya, a ƙananan hanyoyin ƙauye.

Mahaifina bakanike ne, tun ina yaro nake raka shi janyo motoci. A wurinsa na gane cewa rayuwar direban baya tana hannun na gaba. Idan inji ba ya aiki, birki da sitiyarin yawancin motoci kan yi tauri. Saboda haka in na gaba ya taka birki ba zato, na baya kansa zai hau. A gangara, na baya ne ke rage gudu don kada igiya ta yi sako-sako. Mukan ɗaura jan ƙyalle a tsakiyarta don kada ɗan acaɓa ya ratsa. In muka hango babbar mota, mukan tsaya tun daga nesa a wuri mai faɗi, domin mai igiya ba ya ribas.

'Yan'uwana ɗalibai, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.