Ranar da muka kai Duna tafkin Madarumfa

Yau labarin kare muka zo muku da shi, kuma mun san wasu za su ce, to miye na kare kuma? Ku dai yi haƙuri ku ji.

Duna ɗan kwikwiyo ne baƙi ƙirin da kawunmu maharbi ya ba mu don gadin gida. Watansa shida bai san komi ba sai tsakar gida da bakin ƙofa a nan Maradi. Ya tauna takalman yara, ya tona gindin zogalen Inna, har ta ce ko mu nema masa inda zai gaji ko ya koma inda ya fito. Shi ya sa wata Asabar cikin Janairu, sanyi na busawa, muka saka shi bayan mota mu huɗu da yara biyu, sai Madarumfa. Tafiyar ba ta wuce kilomita 25 ba.

Mun yi shiri daidai gwargwado: bidon ruwa, tsohon kwano, igiya, da takardar allurarsa ta haukan kare da likitan dabbobi ya yi masa bayan ya cika wata uku. Da sassafe muka fita, don ƙasa in ta ɗau zafi tana ƙona tafin kare kamar yadda take ƙona ƙafar yaro.

Wanda bai taɓa zuwa ba, tafkin yana samun ruwansa daga Gulbin Maradi da Gulbin Gabi. Ga gandun daji a gefe, ga kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara, kuma tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take son UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Tun daga gida mun yanke cewa ba za mu kusanci kaburbura da kare ba. Muka bi ɗaya gefen, wajen masunta da masu lambu.

Duna kuwa ya ga duniya. Ya shinshina kowane gindin gawo, ya yi wa balbela haushi, ruwa ya taɓa ƙafarsa ya yi tsalle baya, yara suna ta dariya. Sau uku muna tsayawa cire masa ƙarangiya. Da ya nufi inda aka zubar da hanjin kifi muka janye shi, domin a Cadi ana zargin irin wannan da sa wa karnuka kurkunu, cutar da OMS ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da ita a 2013.

Kuskuren ya zo ne bayan kamar awa ɗaya. Muka iso wani fili, ba kowa. Ƙanenmu ya ce, "Yaya, a sake shi ya ɗan wataya mana." Muka kwance igiya. Ashe bayan ciyawa akwai tumaki suna gangarowa shan ruwa, da wani yaro da bai fi shekara goma ba yana biye da su. Kafin mu ce Duna, ya faɗa cikinsu. Garke ya watse, wata tunkiya mai tsohon ciki ta auka cikin laka har ƙirji, yaron ya yar da sanda ya ruga yana kuka, kare na bin sa a zatonsa wasa ne. Mun kira har muryarmu ta dushe. Karen da bai koyi amsa kira a gida ba, ba a daji zai koya ba.

Da ƙyar muka kama shi. Mu biyu muka shiga laka da wandunanmu muka ciro tunkiyar. Sai ga wani dattijo daga lambu da sanda a hannu, kakan yaron ne. Bai ko dube mu ba, sai da ya juya yaron gaba da baya yana duba ƙafafunsa. Alhamdu lillahi, ba cizo, ba ƙwarzane. Sannan ya ce, "Karen nan an yi mishi allura?" Muka miƙa takarda, hannu na rawa.

Tambayarsa tana kan hanya. OMS ta ce haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. In alamun cutar suka bayyana, da wuya a tsira. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi likita ranar, ko karen na gida ne.

Muka ce, "Baba, a gafarce mu," muka fiddo jikka biyu. Ya ture hannunmu. Ya ce, "Ƴaƴana, ku shan iska kunka zo, mu wurin ga shi ne cinmu. Tunkiyar nan in ta yi ɓari, kuɗin takin bana ne ya tafi. Ku riƙe kuɗinku ku sayi igiya mai ƙarfi."

Mun dawo shiru cikin mota, Duna na barci a kan ƙafar yara. Da yamma muka cire masa kaska biyu a kunne. Tun daga ranar kullum bayan la'asar muna koya masa amsa kira a tsakar gida, da ɗan ƙashi a hannu. Mun sake komawa sau biyu, igiya ba ta bar wuyansa ba, kuma mun biya mun gaida Baba. Tunkiyar ta haifi tagwaye.

Masu karnuka da ke fita da su Madarumfa, ko Gidimuni, ko Tabalak, don Allah a yi allura, a riƙe igiya. Allah ya kiyaye mu da namu baki ɗaya.