Babur Mai Bugu Biyu da Mai Bugu Huɗu: Ina Kuɗin Ke Tafiya?

A tseren motokuros, wanda ake yi a kan turbar ƙasa mai tudu da kwari da laka, da awa ake lissafin tsufan babur, ba da kilomita ba. Littafin jagora na wasu baburan tsere yakan umarci mai shi ya sauya fistan bayan awa 15 na gudu. Saboda haka duk wanda zai sayi irin wannan babur, kuɗin saye shi ne ƙaramin abin da zai biya.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, inji mai bugu biyu ne ke mulkin wannan fage. A 1997 Doug Henry ya lashe wani tsere a Las Vegas ta Amurka a kan Yamaha mai bugu huɗu, a 1998 kuma ya zama zakaran ƙasar da samfurin YZ400F. Dokokin gasa sun ba mai bugu huɗu damar girman inji, shi ya sa a yau ake haɗa mai 450 da mai bugu biyu 250 a rukuni ɗaya. Honda ta daina ƙera manyan baburanta masu bugu biyu bayan 2007, amma Yamaha na ci gaba da fitar da YZ125 da YZ250, haka ma KTM ta Ostiriya ba ta saki nata ba.

Bambancin tsadar yana cikin ginin injin. Mai bugu biyu yana ƙona fetur a kowane juyi, ba shi da bawul a kansa, ba shi da sarƙar da ke sarrafa su, ana kuma gauraya masa mai a cikin fetur. Fistan da zobensa suna saurin cinyewa, sai dai mutum mai 'yan sifanu zai iya sauya su a gida cikin yini guda. Kuɗinsa kaɗan-kaɗan yake fita, a kai a kai.

Mai bugu huɗu ya fi daɗin hawa. Ƙarfinsa yana zuwa a hankali, taya tana kama ƙasa, ya kuma fi tsimin fetur. Amma kafin mai 250 ya ba da ƙarfin da ake so, sai ya yi juyi sama da 13,000 a minti ɗaya. A wannan gudun, bawul ɗin da aka yi sakaci da auna tazararsa zai iya karyewa ya faɗa cikin silinda, ya ɗauki fistan da kan injin gaba ɗaya. Gyaran irin wannan ɓarna kan kusanci kuɗin tsohon babur ɗin kansa.

Wannan bai dami mahayan kamfani ba, domin ana kwance musu inji tun kafin ya nuna gajiya. Wanda abin ke ci shi ne matashin da ya tara kuɗi ya sayi na hannu, bai san awa nawa ya yi ba, bai san sau nawa aka zubar da baƙin mai ba. Tsohon mai bugu biyu yakan yi gargaɗi da raguwar ƙarfi, gyaransa kuma ba ya karya mutum. Tsohon mai bugu huɗu yana iya tafiya lafiya lau har ranar da zai tsaya cak.

Don haka tambayar wanne ya fi ƙarko ba ta da amsa sai an san hannun da ke riƙe da shi. Mai wanke matatar iska bayan kowace fita, mai rubuta awannin injinsa, zai daɗe da kowanne. Wanda aljihunsa ba zai iya ɗaukar babbar asara lokaci guda ba, mai bugu biyu ya fi masa kwanciyar hankali.