Abin Da Ke Kan Tabarma

A shekarar 1998, muna ɗalibin sakandare a Mubi, Inna ta aike mu da la'asar sakaliya mu kira Yaya. A lokacin yana dillancin shanu a kara, kasuwar da fatake ke zuwa daga Kamaru da Chadi, inda naira da sefa ke yawo a aljihu ɗaya. Ba mu same shi cikin shanu ba. A wata rumfar zana muka iske shi, su biyar sun kewaye tabarma, ana raba karta.

Rumfar nan tana da ƙa'idojinta. Ba a zama da ƙasa da naira ɗari biyu, ba a kuma wuce dubu ɗaya. Kowa zai baje kuɗinsa a gabansa, a ƙirga a idon jama'a. Da yake a zamanin takardar naira hamsin ce mafi girma, tsibin kowa a fili yake. Da zarar an raba karta, ba mai ƙari, ba mai ragi, sai an tashi hannun.

Muna tsaye sai wani falke da ya zo ta hanyar Garwa ya zura hannu cikin aljihu a tsakiyar wasa, ya zaro takardun sefa na dubu goma-goma, ya watsa, wai Yaya ya biya ko ya zubar. Nan take rumfa ta kaure. Wasu na cewa kuɗi kuɗi ne, wasu na gardamar nawa za a yi canji. Mai rumfa, wani dattijo mai furfura, ya bari ƙura ta lafa, sannan ya ce, "Alhaji, mayar da kuɗinka. Abin da ke kan tabarma shi ne caca, na aljihu kuwa na mai aljihu ne." Aka buɗe karta, Yaya ya ci. Haƙiƙa a ranar mun koma gida muna jin cewa mun ga adalci da idonmu.

Bayan shekaru, karance-karance suka nuna mana cewa hukuncin dattijon nan shi ne ginshiƙin wasan poka a manyan gidajen caca na Las Begas ta Amurka. Can ma akwai mafi ƙarancin abin zama da mafi yawansa. Ba a shiga aljihu a tsakiyar hannu, ba a kuma ɓoye wani ɓangare na riba alhali ana zaune. Wanda kuɗinsa suka ƙare ba a kore shi daga hannun, sai dai rabonsa ya tsaya daidai da zubinsa, sauran su tara nasu a gefe. In gardama ta tashi, mai kula da zauren ne ke yanke hukunci, kuma daga maganarsa babu ƙari. Manufa dai ita ce kada mai hannu da shuni ya danne ƙarami da nauyin aljihu.

To amma akwai ƙofar da ƙa'idar ta bari a buɗe, a Mubi da Amurka baki ɗaya: tsakanin hannu da hannu, kowa na iya sake cika gabansa. Ta wannan ƙofa Yaya ya bi. Da farko la'adarsa ce ta tafi, sai kekensa, daga bisani kuɗin bijimin wani Bafulatani da aka ba shi amana. Kafin damina ta zagayo, Inna ta sayar da gonarmu ta bakin kogin Yedzaram don a rufa asiri. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Ba a taɓa cutar Yaya a rumfar nan ba, ko da sau ɗaya. Kowane sisi ya fita bisa ƙa'ida, a gaban shaidu. Wannan ne abin da har yau yake tsaya mana a rai. Dattijon ya tsare tabarmarsa da gaskiya, amma hurumin hukuncinsa bai wuce bakin zana ba. Mu kuwa da aka aika mu kira Yaya, tsayawa muka yi muna kallo, har muka manta da saƙon Inna.