Hita Mai Tanki Ko Marar Tanki: Yadda Sanyin Jos Ya Raba Mini Gardama

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Jos ba sai an yi masa dogon bayani a kan sanyi ba. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma daga Disamba zuwa Janairu ruwan da ya kwana a randa ya kan wayi gari kamar an jefa masa ƙanƙara. Na daɗe ina aiki a wannan gari, na saba, iyalina ma sun saba. Wadda ba ta saba ba ita ce mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauyenmu na ƙasar Katagum bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, domin ta zauna tare da mu.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma kawo mini kukan kome. Sai da ta yi mako uku a gidan na gane abin da a ke ciki. Wata asuba na fito zan tafi masallaci, sai na tarar da ita a bakin famfo tana alwala da ruwan sanyi, hannuwanta suna kaɗawa. Na durƙusa na ce, "Inna, me ya hana ku tashin uwar yaran nan ta ɗora muku ruwa?" Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Yarinyar ba ta runtsa ba sai da dare ya raba, saboda goyo. Ba zan ƙara mata wata wahala ba." Da gari ya waye na lura da hannuwanta, duk sun yi kaushi sun tsattsage, ga kuma ciwon gwiwa da ta yi ta ɓoyewa. Ran nan na ƙudura cewa 'yan kuɗin da na ke tarawa domin gyaran mota, hita zan saya da su.

Da na shiga kasuwa sai na tarar ashe hitar iri biyu ce. Akwai ta gargajiya mai tanki, wadda ke tara ruwa ta ɗumama shi ta adana har a buƙace shi. Akwai kuma marar tanki, 'yar ƙarama kamar akwatin rediyo, wadda ke ɗumama ruwa a daidai lokacin da ya ke wucewa ta cikinta. Wannan gardama kuwa ta girme ni, ta girmi mai karatu. A shekarar 1868 wani mai fenti a birnin London, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar ɗumama ruwa da gas yayin da ya ke gudana, ya raɗa mata suna Geyser, sunan da har yau a ke kiran hita da shi a Indiya da Afirka ta Kudu. Wajen 1889 kuma Edwin Ruud, mutumin Norwe mazaunin Pittsburgh ta Amurka, ya fito da mai tanki wadda ke kunna kanta ta kashe kanta.

Mai kantin ya yi ta kururuta marar tanki, kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba. Ba ta cin wuri. Ba ta ɓarnar wuta wajen tsaron zafin ruwan da babu mai amfani da shi. Ruwan zafinta ba ya ƙarewa ko mutum goma za su yi wanka a jere. Idan an kula da ita ta kan fi mai tanki tsawon rai, domin ita mai tanki tsatsa ta kan ci ta bayan shekaru goma ko abin da ya yi kusa da haka. Zuciyata ta karkata gare ta, kuma zan faɗi gaskiya ko da za ta kunyata ni: wani abokin aikina yana da irinta, na daɗe ina sha'awar a shigo gidana a gan ta a bango.

Allah ya taimake ni ban biya kuɗin a ranar ba. Na je wurin wani dattijo mai aikin wuta wanda ya yi wa gidan wayarin tun farko. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, tambaya uku zan yi maka. Ƙarfe nawa a ke kawo muku wuta? Daga ina ruwanku ke fitowa? Kuma wa za a ɗumama wa ruwan, da wane lokaci?" Na ce wuta ta kan zo wajen tsakar dare ta ɗauke kafin kiran sallah, ruwa daga tankin da ke bisa ƙarfe a bayan gida ya ke saukowa, ruwan kuwa na Inna ne, da asuba. Ya yi murmushi ya ce ai na riga na amsa wa kaina, amma in ɗauko takarda mu yi lissafi don kada in zaci son rai ne.

Ga lissafin, domin zai amfani wani. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙara zafi da digiri ɗaya, sai ta ci wutar da ta kai wat 1.16 na tsawon awa guda. Tanki mai lita 50, idan za a ɗaga ruwansa daga digiri 15 zuwa 60, zai ci yunit biyu da rabi da 'yan kai. Hita mai ƙarfin wat 1,500 za ta gama wannan aiki cikin awa ɗaya da minti 45, a hankali, kowa yana barci. Marar tanki kuwa ba ta da wannan sarari, dole ta yi aikin duka a cikin ƙiftawar ido. Idan ana son ruwa lita shida a minti ɗaya, a kuma ƙara masa zafi digiri 25, ana bukatar wat 10,500, watau ninki bakwai na waccan. Ƙaramar da na gani a kanti mai wat 3,500 ce, wadda a sanyin Jos ba za ta ba da fiye da lita biyu a minti ba. Babbar kuwa sai an ja mata waya mai kauri tata ita kaɗai tun daga mita, kuma ƙaramin janareton gida ba zai ko motsa ta ba.

Sa'an nan ga maganar ruwa. Marar tanki ba ta kamawa sai ruwa ya bi ta cikinta da ƙarfi, tankinmu kuwa bai wuce mita huɗu daga ƙasa ba, saboda haka sai na ƙara sayen injin tura ruwa. Na tambaye shi mai aiki da gas fa, tun da ita ba ruwanta da ɗaukewar wuta? Sai fuskarsa ta canja. Ya ce tana aiki ƙwarai, amma wanda zai sa ta sai ya kafa ta a waje ko ya yi mata bututun hayaƙi, domin a rufaffen banɗaki ta kan fitar da wata iska mai guba marar wari, irin ta janareto da garwashin gawayi, wadda ke kashe mutum bai ko yi ihu ba. Tsohuwar da ke rufe ƙofa da taga saboda sanyi, in ji shi, ba a haɗa ta da wannan.

Bai kuma ɓoye mini aibun mai tanki ba. Zafi ya kan ragu kaɗan kafin safe, an ko biya kuɗinsa. Idan ruwan ya ƙare sai a jira. Nauyinta cike ya wuce kilo 50, sai bango mai ƙwari. Dole a sa mata wayar ƙasa saboda jan wuta, da bawul na fitar da matsi idan zafi ya yi yawa, kada kuma a kuskura a toshe shi don yana ɗiga. A tsayar da ita a digiri 60 don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, amma ruwa mai wannan zafi yana ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙu, saboda haka kullum a fara buɗe na sanyi. Ya rufe da cewa, "Mai tanki rumbu ce, Malam. Inda damina ba ta da tabbas, ai mai rumbu shi ke kwana da ƙoshi."

Na sayi mai tanki, lita 50. Abokin nan nawa ya ce na koma baya, ban yi musu da shi ba, domin shi unguwarsu wuta ba ta cika yankewa ba, ruwan famfonsu kuma yana da ƙarfi, ga shi daga shi sai matarsa. Tasa ta dace da shi. Kuskuren da na kusa yi shi ne in auna gidana da mudun gidan wani. Saboda haka duk mai niyyar saye, ina ba shi shawara ya amsa tambayoyin nan uku na dattijo kafin ya saurari mai kanti.

Ba zan ce wahala ta ƙare ɗungum ba. Idan aka kwana biyu babu wuta mu kan koma ga murhun gawayi, idan baƙi suka sauka kuma na ukun wanka ya kan sha sanyi. Amma uwargida ta kafa doka a gidan, cewa babu mai taɓa famfon zafi sai an cika butar Inna da bokitinta.

Asubar farko na laɓe ina kallo. Ta buɗe famfon, ta sa ɗan yatsa, ta janye, ta sake sawa, ta daɗe a tsaye. Ba ta ce mini kome ba, ban kuwa sa ran za ta ce ba. Sai da hantsi, ina ɗaura takalmi zan tafi aiki, na ji tana ce wa surukarta a tsakar gida, da muryar da ta tabbata zan ji, "Ki gaya wa maigidanki, Allah ya yi albarka." Motar tana nan a ajiye har yanzu, ina hawa ta haya zuwa ofis, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.