Ba A Auna Ƙarfin Tsoho Da Fatar Baki

Tsufa ba ya sallama in zai shiga jikin mutum. Tun daga wajen shekara 30 da haihuwa tsokar jiki take fara raguwa kaɗan-kaɗan, bayan shekara 60 kuwa sai raguwar ta ƙara sauri, har a wayi gari dattijon da ya saba saɓa buhu a kafaɗa ya koma sai ya dafa bango kafin ya miƙe. A 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan zaizayewa suna sarkofeniya, watau "talaucin nama" da harshen Girka. Hatsarinta shi ne faɗuwa, da karayar ƙugu, da doguwar kwanciya wadda ba kowane tsoho yake tashi daga gare ta ba.

Na'urar da ke auna tsoka tana da tsada, ba kuwa a kowane asibiti ake samun ta ba. Saboda haka a 2013 masana biyu na Jami'ar Saint Louis ta Amurka, Theodore Malmstrom da John Morley, suka tsara tambayoyi biyar da ake kira SARC-F. Ana tambayar tsoho ko yana shan wuya wajen ɗaukar kaya mai nauyin kilo 4 da rabi, kusan galan guda na ruwa ke nan. Da tafiya daga wannan gefen ɗaki zuwa wancan. Da tashi daga kujera ko gado. Da hawa matakala 10. Sa'an nan sau nawa ya faɗi a cikin shekara. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 2, wanda ya tara 4 ko fiye sai a ƙara bincika shi.

To, amma mudu ma sai an gwada shi kafin a yarda da awonsa. A 2014 Farfesa Jean Woo da abokan aikinta suka bayyana gwajin da suka yi a Hong Kong da tsofaffi 4,000 masu shekara 65 zuwa sama, inda suka kwatanta amsoshinsu da awon na'ura. Tambayoyin ba su cika ɗora wa mai lafiya ciwo ba, gama fiye da 9 cikin 10 na masu lafiya sun fita daidai. Sai dai daga cikin waɗanda awo ya tabbatar tsokarsu ta zaizaye, ko 1 cikin 10 ba su kama ba. Rariya ce mai manyan huji, wadda ba ta tare kowa sai wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa.

Duk wanda ya zauna da tsofaffi ba zai yi mamaki ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kullum yake faɗa ba. In malamin asibiti ya ce wa dattijo, "Baba, kuna shan wuya wajen tashi daga kujera?" sai ya amsa, "Sai godiya, ɗana." Ba ƙarya ya yi ba. A tabarma yake zama, gidansa ba bene ba ne balle matakala, jikoki ne suke ɗebo masa ruwa, tuntuɓen da ya yi da damina kuwa bai lasafta shi cikin faɗuwa ba. Ga kuma kunya da juriya, waɗanda ba sa barin babba ya kai kukan rauninsa ga yaro. Don haka fassara tambayoyin zuwa Hausa ko wani harshe rabin aiki ne kawai. Lalle ne a sake gwada su da awo a cikin mutanen da za a yi wa su.

Gani ya kori ji. A 2016 masu bincike a garin Pelotas na ƙasar Brazil suka ƙara awon kaurin sha-raɓa da tef irin na tela, suka sa iyaka santimita 34 ga maza, 33 ga mata. Da wannan ƙari, masu ciwon da ake kamawa suka tashi daga 1 cikin 3 zuwa 2 cikin 3. A 2018 kuma kwamitin ƙwararrun Turai ya amince a fara da tambayoyin, amma a bi su da gwajin ƙarfin damƙar hannu, ko a sa tsoho ya tashi daga kujera sau 5 ba tare da dafa kome ba. In ya wuce daƙiƙa 15, akwai rauni.

Amfanin ganewa da wuri shi ne tsoka tana amsa magani ko da an tsufa: motsa jiki mai sa ta aiki, da abinci irin su wake, kifi, ƙwai da nono. Saboda haka 'ya'yan da suka ji mahaifinsu ya ce lafiya lau, su gode wa Allah, sa'an nan su sa ido su ga yadda yake miƙewa daga tabarma.