Kalmar da Na Soke da Jan Biro

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka kai ni wata firamare a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ran nan ina cikin koyar da Turanci, sai wata yarinya ta miƙo mini wani tsohon littafi na kakanta, ta ɗora yatsa a kan kalmar “betwixt”, ta ce, “Malam, mene ne wannan?”

To, ni ban taɓa ganinta ba, ga kuma yara arba'in sun zuba mini ido. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce kuskuren ɗab'i ne. Na zaro jan biro na soke ta, na rubuta “between” a bisa.

Kashegari da sassafe sai ga tsohon da kansa, da sandarsa. Ashe tsohon ma'aikacin reluwe ne. Muka gaisa, ya buɗe littafin, ya ce, “Ɗana, ma'ana ka same ta, amma kalmar ba ta yi laifin kome ba. Ta girme ni, ta girmi layin dogon nan.” Kunya ta rufe ni.

Da na koma kwaleji na duba ƙamus. Ma'anarta “tsakanin”, kuma tushenta ɗaya da “two”, watau biyu. Tana cikin wasannin Shakespeare, tana kuma cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611. Yanzu Turawa sun bar ta, sai a waƙa, ko a maganar nan “betwixt and between”, wadda akan faɗa wa abin da bai zama wannan ba bai zama wancan ba, kamar jemage a tatsuniya. Mu Hausa ta hutar da mu: “tsakanin” ta ishe mu, ko abu biyu ne ko goma, Turanci kuwa sai ya kawo “among” in ana zancen taro.

Ran Litinin na tsaya gaban aji na ce na yi kuskure. Na zana layin dogo a allo, Kaduna nan, Jos can, Kafanchan a tsakani, na sa yaran su yi jimla da tsohuwar kalmar. Na gargaɗe su kada su sa ta a takardar neman aiki, don za a yi musu dariya.

Jan biron dai bai gogu ba. Yarinyar ta ce kakanta ya rubuta sunana a gefen shafin.