'Yan Takobin Rum da Masu Kallonsu

Duk wanda ya karanta tarihin Rumawa ya san mutane ne masu hikima. Su suka shimfiɗa hanyoyin da har yau a ke bin waɗansunsu, suka jawo ruwa daga duwatsu zuwa cikin birni, suka tsara dokokin da ƙasashe da yawa suka gada. Amma akwai wani al'amarinsu da ya daɗe yana damuna, watau wasan nan da su kan haɗa mutum biyu da makamai su yi ta saran juna, jama'a na kallo suna sowa. Masu wannan faɗa su a ke kira giladiyato, daga giladiyus, watau takobi da harshen Latin. Mu sai mu ce da su 'yan takobi. Ni dai ba su ke ba ni mamaki ba, gama yawancinsu tilas aka yi musu. Masu kallo su ne abin tambaya, don ba wanda ya ɗaure su ya kai su.

Asalin abin ba wasa ba ne, al'adar jana'iza ce. A shekara ta 264 kafin haihuwar Almasihu wani babban mutum ya mutu a birnin Rum, 'ya'yansa suka sa mutum shida suka yi faɗa bibbiyu a kasuwar shanu don girmama shi. Wannan shi ne na fari da aka rubuta a birnin. Da masu neman sarauta suka ga yadda mutane ke ɗokin kallo, sai suka mai da shi hanyar sayen zukatan talakawa. A shekara ta 65 kafin Almasihu, Yuliyas Kaisar ya fito da 'yan takobi 640, wai don tunawa da ubansa, alhali kuwa uban ya shekara ashirin a kabari. Kowa ya san ba mamaci a ke yi dominsa ba.

To, su wane ne 'yan takobin? Galibinsu bayi ne, da kamammun yaƙi, da waɗanda shari'a ta hukunta. Akwai kuma 'ya'ya waɗanda bashi ko son suna ya sa suka sa kansu. A kan tsare su a wani gida da a ke kira makaranta, a koya musu sara da kariya, a ciyad da su da sha'ir da wake. Har likita gare su. Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, ya yi aikin jinyar 'yan takobi a garin Fargamos kafin ya shahara. Kada dai mu ɗauka tausayi ne ya kawo haka. Dukiya ce a ke tattali, kamar yadda mai doki ke kiwon dokinsa saboda ranar sukuwa.

Ba dukansu suka haƙura ba. A shekara ta 73 kafin Almasihu wani mai suna Sifatakus ya tsere daga irin wannan makaranta a garin Kafuwa, shi da mutum wajen saba'in, da wuƙaƙen madafa kaɗai a hannunsu. Bayi dubbai suka bi shi, suka yi ta fatattakar rundunonin Rum har shekara biyu. Da aka ci su a shekara ta 71, sai aka gicciye mutum 6,000 a bakin hanya tun daga Kafuwa har Rum. Wasan kuwa bai tsaya ba, sai ma gaba da ya ci.

A shekara ta 80 bayan Almasihu Sarki Titus ya buɗe babban filin nan da a ke kira Kolosiyam, wanda kangonsa ke tsaye har yanzu. Yana cin mutum wajen 50,000. Kwana ɗari aka yi ana bikin buɗewa, aka kashe dabbobi 9,000. Kowa da mazauninsa gwargwadon darajarsa: manyan gari a gaba, talakawa da mata can ƙoli. A kan ja rumfar zane bisa 'yan kallo don kada rana ta dame su, a zuba rairayi a ƙasa don ya shanye jini. Da safe a kan yi farautar namun jeji, zakoki da damisoshi da jiminu, da yawansu daga Afirka ta Arewa a ke kamo su. Da tsakar rana a kashe waɗanda aka yanke wa hukunci. Da la'asar sa'an nan 'yan takobi su fito. Wani da kwalkwali da babbar garkuwa, wani kuwa ba shi da kome sai taru irin na masunta da mashi mai baki uku.

Gaskiya ne ba kowane karo ke ƙarewa da mutuwa ba. Akwai alƙalin wasa da sandarsa, wanda ya gaza kuma yana iya ɗaga yatsa ya nemi a bar shi da rai. Wanda ya daɗe yana nasara a kan ba shi takobin itace, alamar an sallame shi. Amma sa'ad da mutum ya faɗi ya ɗaga yatsa, mai bikin ba ya yanke magana sai ya saurari bakin jama'a. In sun ce a bar shi, ya tsira. In sun ce a gama da shi, shi ke nan. Ashe takobin yana hannun mutum ɗaya, hukuncin kuwa yana bakin mutum dubu hamsin.

Na ji masu cewa ai dambe ne irin nasu. Ban yarda ba. Ɗan dambe da ƙafarsa ya ke shiga fage, in an kā da shi a raba, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa ya tafi gida. Na kuma ji masu ɗora laifin duka a kan sarakuna, da su ke raba hatsi kyauta suna shirya wasanni don kada talakawa su tambaye su yadda a ke mulki. Wannan haka ne, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da kujerun sun zauna wofi, da ba sarkin da zai ɓad da dukiyarsa a kai.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani ɗalibi ne kamarmu, sunansa Alifiyus, mutumin wani gari da ke cikin ƙasar Aljeriya ta yau. Abokinsa Agustin ne ya ba da labarin. Alifiyus ya tafi Rum koyon shari'a, yana ƙyamar wasan nan ƙwarai. Ran nan 'yan'uwansa ɗalibai suka gamu da shi a hanya, suka ja shi zuwa filin yana ƙi. Da suka zauna sai ya rufe idonsa, yana tsammani ya tsira ke nan. Amma kunne ba shi da marfi. Wani ɗan takobi ya faɗi, jama'a suka ɗauki ihu gaba ɗaya, sai ya buɗe ido don ya ga abin da ya faru. Da ya ga jini bai kau da kai ba. Kafin a tashi shi ma yana cikin masu ihu, daga baya har shi ke jan waɗansu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun kafin wannan ma, Seneka, malamin Sarki Nero, ya rubuta wa abokinsa cewa shiga irin wannan taro na ƙara wa mutum taurin zuciya.

Har ƙarshen wasan ma masu kallo ba su saki halinsu ba. Wani marubucin tarihi ya ce wajen shekara ta 404 wani mai ibada, Telemakus, ya shiga tsakanin 'yan takobi don ya raba su, 'yan kallo suka jejjefe shi har ya mutu, saboda haka Sarki Honoriyus ya hana wasan.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a damƙa wa kowannenmu aji. Babu Kolosiyam a makarantunmu, amma dukanmu mun san da'irar nan da yara kan yi sa'ad da biyu suka kama faɗa a filin wasa. Mun san kuma malamin da kan kira yaro marar ƙoƙari gaban allo, ba don ya koya masa ba, sai don sauran su sami abin dariya. Yaron nan ɗaya zai sha kunya, amma talatin ɗin da suka yi dariya su ma sun koyi wani abu ran nan, ba kuwa lissafi ba ne. Ni dai na ƙudura, in na raba masu faɗa ba zan tsaya a kansu kaɗai ba, sai na juya na tambayi masu da'ira abin da ya tsai da su. Kuma ba zan sayi ƙaunar ajina da hawayen ɗayansu ba.

Rumawa sun yi shekara fiye da ɗari shida suna kallon nan, ga ilmi, ga doka, ga arziki. Ilmi kaɗai bai hana su ba. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mu ne kuwa za a ba ɗanyen. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.